Aikin Farko na Sabuwar Nas: Ki Nemi Ɗakin da Za a Duba Hannunki

Lasisin da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya take bayarwa shaida ce cewa mutum ya yi karatu, ya ci jarrabawa, kuma doka ta yarda ya taɓa marar lafiya. Iyakarsa ke nan. Ƙwarewa a bakin gado ake samunta, kuma mafi yawanta a shekara biyun farko take kafuwa, ko daidai ko a karkace. Don haka duk wadda ta gama makarantar jinya, kwaleji ce ko digirin shekara biyar na jami'a, tana neman inda za ta fara, ga abin da nake ganin ya kamata ta sa a gaba: ta zaɓi aikin da zai ajiye ta kusa da ƙwararriyar nas wadda take da lokacin duba hannunta. Sunan asibiti, da albashi, da kusanci da gida, duk suna da nauyi, amma a bayan wannan suke. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata sun fi yawa a aikin, sai dai maza ma ba kaɗan ba ne a cikinsa a Arewa, kuma maganar ta shafe su daidai wa daida.

Dalilin yana cikin yanayin aikin kansa. Lokacin da kike ɗaliba, duk ɗakin da aka tura ki akwai wadda nauyin yake kanta. Ke marar lafiya ɗaya ko biyu kike bi, ki rubuta rahoto, ki tafi. Ranar da kika shiga da sunan ma'aikaciya, gadaje ne jere a gabanki, kuma abin da ake nema a gare ki ya canza: wa za ki fara dubawa, wa zai iya jira, wane ne ya yi shiru irin shirun da ba na samun sauƙi ba, yaushe za ki ta da likita da ƙarfe uku na dare, me kuma za ki gaya masa har ya taso. Patricia Benner, malamar jinya a Amurka, ta bi diddigin yadda nas take girma a aiki, a littafinta na 1984 ta kasa tafiyar hawa biyar, daga ɗanyen hannu zuwa gwana. Ta nuna sai nas ta yi shekara biyu zuwa uku a aiki iri ɗaya kafin ta kai hawa na uku, inda take iya tsara aikinta da kanta tana hangen abin da zai biyo baya. Wadda ta fito makaranta jiya ta san ƙa'idoji, amma duk nauyinsu ɗaya a idonta, ba ta san wadda za ta gabatar ba idan biyu suka ci karo. Haka kowa ya fara, babu abin kunya a ciki. Mai fitar da ita daga wannan hali ita ce wadda ta riga ta wuce wurin, tana tsaye a gefe tana cewa, "Bar wancan tukuna, zo ki ga numfashin yaron nan."

Ɗauki abubuwan da ake yi kullum a asibitocinmu. Mai ciki ta zo da jijjiga, an ɗora ta a kan magniziyam salfet. Kowace ɗaliba ta haddace cewa kafin allura ta gaba, bayan awa huɗu, sai an tabbatar gwiwarta tana zabura idan an buga, numfashinta bai gaza 16 a minti ba, fitsarinta bai gaza mililita 30 a awa ba, kuma kalsiyam gulukonet yana kusa ko da maganin ya yi mata yawa. Haddar daban, buga gwiwar macen da ke kwance ba ta cikin hayyacinta ki yanke hukuncin ta motsa ko ba ta motsa ba daban. Yaro mai tamowa ya zo da gudawa, idanu sun faɗa. Hannun da bai saba ba ƙarin ruwa zai raruma, alhali ruwan jijiya yana iya kayar da zuciyar irin wannan yaro, shi ya sa ake ba shi ta baki kaɗan-kaɗan sai in jikin ya kai matakin da ba makawa. Atesunet na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma 3 ne ga yaron da bai kai kilo 20 ba, kuma sai garin ya narke ruwan ya washe sarai kafin a tsarma shi. Fotasiyam ba a tura shi kai tsaye a jijiya, domin yana tsayar da zuciya. Ƙarin jini kuwa, minti 15 na farko ba a yin nisa da gadon. Duk suna cikin littafi. Amma karon farko da za ki yi kowanne da hannunki, akwai tazara mai nisa tsakanin a ce wata tana kallo da a ce ke kaɗai ce a ɗakin da fitilar waya.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da farawa ba mai gyara shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa nan take. Nas ɗin da ta saba mayar da murfin allura da hannu biyu, ko tura magani a jijiya da gaggawa, ko cike takardar awon zafi da bugun jini da ƙiyasi don aiki ya yi yawa, ko raba magani da lambar gado ba tare da kiran sunan mai shi ba, tana iya yin wata shida babu abin da ya faru. Rashin faruwar komai sai ya zame mata hujja. Bayan shekara uku ana ce mata gogaggiya, ana ba ta sababbi ta koya musu abin da ta saba. Yaron tela ba girman shagon ke sa ya iya ɗinki ba, maigidan da ke juya rigar ya dubi cikinta ya ce a warware ne ke sa shi. Duk matiron da ta taɓa karɓar ma'aikaciya daga wani wuri ta san gyaran hannun da ya saba ya fi koyar da sabo wahala.

To me ke ba babbar nas sukunin koyarwa? Hali yana ciki, amma yawan marasa lafiyan da ke kanta ya fi hali ƙarfi. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun buga bincike a mujallar JAMA a kan asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya ta Amurka: duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari, yiwuwar gajiya ta cinye nas ɗin har aikin ya fita ranta kuma tana ƙaruwa da kashi 23. A 2014 suka buga irinsa a mujallar Lancet, daga asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, sai ga kashi 7 ɗin nan ya sake fitowa. Jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka, nas ɗaya ba ta wuce mutum 5 a ɗakin kwanciya na gama-gari, 2 a ɗakin kulawa ta musamman. Wani zai ce ina ruwan Kano ko Gusau da lissafin Amurka, mu da nas biyu ke kwana da ɗaki guda cike maƙil? Gaskiya ne, in kika ce sai kin samu ɗaya ga biyar za ki daɗe a gida. Amma abin da binciken ya nuna shi ne kowane ƙari yana da farashinsa, don haka kowane ragi ma yana da ribarsa. Ɗakin da nas take riƙe da 12 ya fi wanda take riƙe da 25, ga marar lafiya da kuma ga mai koyo, domin wadda ke gudu tsakanin gadaje 25, ko tana ƙaunarki, ba ta da minti goman da za ta tsaya ta ga yadda kike sa robar fitsari.

A Ingila an mayar da rakiyar sabuwar nas tsari, ana haɗa ta da wata babba da sunanta a rubuce na tsawon watanni, a Amurka kuma asibitoci da dama suna da shirin shekara guda na sababbi. A nan masu digiri suna da shekarar horon sanin makamar aiki kafin hidimar ƙasa, wadda ake zagayawa da su sassa daban-daban. Wadda ta fito kwalejin jinya kuwa, sau da yawa daga jarrabawa sai jadawalin aiki. Ana cikin haka manyan suna ta ficewa. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya ya faɗa cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma a cikinsu akwai irin waɗanda ya kamata a ce su ke riƙe hannun sababbi. Ɗaukar aiki dai ba ya zuwa da tabbacin horo, binciken horon ya dawo wuyanki.

Mutane sukan ɗauka amsar a fili take, wato asibitin koyarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Asibitin Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos, da cibiyoyin lafiya na tarayya irin na Gusau da Birnin Kudu, suna da abin da ƙananan wurare ba su da shi: manya a kan ƙanana mataki-mataki, zagayen likitoci da ake tattauna kowane marar lafiya, albashi a kan tsarin CONHESS, da ƙofar ƙaro karatu. Mai sha'awar jinyar ƙashi ta san da makarantar asibitin Dala, mai sha'awar ido ta san da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mai sha'awar lafiyar ƙwaƙwalwa ta san da asibitin Barnawa. Sai dai ba a harabar asibiti za ki yi aiki ba, a ɗaki guda za ki yi, ƙarƙashin shugaba guda. A cikin babban asibiti ɗaya ana samun ɗakin da shugabarsa ke bin sababbi gado-gado, a samu wani a maƙwabtansa inda sabuwa za ta shekara tana rubuta rahoto da kai fayil, ayyukan hannu duk ɗalibai da ƙananan likitoci sun kwashe. Babban asibitin jiha kuma marasa lafiya sun fi yawa, hannu ya fi saurin faɗawa, nas tana yin abubuwan da a asibitin koyarwa ba za su zo gare ta ba. In akwai tsofaffin hannu a ɗakin, makaranta ce babba, in babu su, yawan aikin sauri kawai zai koya miki. Asibitin kuɗi akwai na kirki, akwai kuma wanda za ki tarar ke kaɗai ce mai lasisi, sauran yara ne da mai asibitin ya horar, waɗanda hukumar jinya ba ta san da zamansu ba. Nan tun ranar farko ke ce babba, kuma duk abin da ya ɓaci lasisinki ne a gaba. Ƙungiyoyin agaji irin MSF, da ke aikin haihuwa da yoyon fitsari a Jahun da na tamowa a Katsina, an san su da rubutattun ƙa'idoji da sa ido, sai dai aikin kwantiragi ne, kuma yawanci fanni ɗaya.

Hanyar ganewa ba ta da wuya, ƙafa kawai take so. Kada ki auna ɗaki da hantsin Litinin, lokacin da manya duk suna nan ɗalibai sun cika ko'ina. Ki je da yamma lokacin dubiya, ko ranar Lahadi, ki ƙirga gadajen da ke da mutane, ki ƙirga masu farin kaya, ki cire ɗalibai daga lissafin. Ba sai kin taɓa fayil ɗin kowa ba, ido ya isa: akwai ruwa da sabulu a wurin wanke hannu, akwatin zuba allurai yana nan ko ya cika ya tumbatsa, safar hannu a kan tebur take ko sai masu jinya sun sayo, tukunyar oksijin da tiren gaggawa suna inda hannu zai kai? In kin dace da lokacin miƙa aiki, ki lura ko ana bin gado-gado ana kallon marar lafiya, ko kuwa a tebur ake karanta littafi cikin minti biyar kowa ya ɗauki jaka. Miƙa aiki a bakin gado darasi ne sau uku a rana ba tare da an kira shi darasi ba. In kuma kin san wata a ciki, ki roƙe ta ta nuna miki jadawalin wata. Takardar nan ta fi duk abin da za a gaya miki a intabiyu gaskiya, domin a cikinta za ki ga mutum nawa ke kwana, ko ana haɗa sabuwa da tsohuwa, dare nawa ake jerawa, hutu nawa ke biyo baya.

Wadda za ki tambaya kuwa, ki nemi wadda ta fara bara, don ita ce abin bai riga ya zame mata jiki ba, in da hali ki nemo wadda ta bar wurin ma. Ki tambaye ta yaushe aka fara barin ta ita kaɗai da dare, wa take kira in abu ya rikice, kuma yana zuwa ko waya kawai yake amsawa. Sannan ki tambaye ta abin da aka yi ranar da ta yi kuskure. Wannan tambayar ta fi sauran tona asirin wuri. Babu nas ɗin da ba ta taɓa kuskure ba, kuma sabuwa ta fi kowa kusa da shi. Inda ake zaunar da ita a bi abin daki-daki, a duba marar lafiya tukuna, a rubuta, a gyara abin da ya jawo, gobe da bakinta za ta kawo rahoton wani. Inda ake tsinka ta a gaban masu jinya, abin da za ta koya shi ne ɓoyewa, kuma kuskuren magani da aka ɓoye ya fi wanda aka faɗa kisa, tunda an rasa damar kai ɗauki. A nan ina so ki bambanta tsanani da wulaƙanci, don sababbi sukan haɗa su. Matiron da za ta sa ki sake shirya tire sau uku, ta tambaye ki dalilin kowane magani kafin ki bayar, ta ƙi karɓar rahoton da ba a rubuta lokaci ba, wannan arziki ce, ki neme ta ko da sauran suna gudun ɗakinta. Wadda za ki guda ita ce wadda ke jin haushin tambaya.

A intabiyu ma kina da damar tambaya, kuma yin ta cikin ladabi ba ya rage miki komai. "Ranki ya daɗe, in Allah ya sa an ɗauke ni, mako nawa zan yi ina bin wata kafin a ba ni gadajena? Akwai wadda za a haɗa ni da ita? Ana zagayawa da sababbi ɗakuna?" Wurin da ke da tsari zai amsa da adadi da suna, wanda ba shi da shi zai ce ai za ki saba. A ganina wata guda na bin wata shi ne mafi ƙaranci, kuma bai kamata a damƙa wa sabuwa ɗaki da dare ba kafin ta yi wata shida. Ina kuma ganin gara a fara da ɗakunan gama-gari, na maza ko mata, na waɗanda aka yi wa tiyata, na yara, kafin a tsunduma fanni ɗaya, ko da fannin yana da kwarjini irin na ɗakin tiyata. A can ne ake ganin ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda da gyambo a rana ɗaya, kuma makarantun ƙwarewa yawanci suna neman shaidar aikin shekara ɗaya ko biyu kafin su ɗauka.

Akwai abu biyu da ba horo ba ne kai tsaye amma in suka lalace horon ba zai yi amfani ba, wato lafiyarki da takardunki. Zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969 ya samo sunansa ne daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma waɗanda aka fara sanin ya kashe nas-nas ne, ɗaya ta kamu, ɗaya ta yi jinyarta a Jos. Har yau ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda yake ɗauka duk rani. Ki tabbatar kin cika allura uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara, ki kuma tambayi inda ake zuwa in allura ta soke ki da tsakar dare, domin maganin kariya daga HIV ana son a fara shi cikin awoyi, ba ya wuce awa 72, ana shansa kwana 28. Wurin da ba wanda ya san amsar wannan bai shirya karɓar sabuwa ba. Ta fuskar takardu, ki karɓi takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da matsayi da albashi, ki san ko dindindin ne ko wucin gadi. A aikin gwamnati shekara biyu ake yi kafin a tabbatar da ma'aikaci, kuma hutun ƙaro karatu yawanci bayan nan yake zuwa. In akwai yarjejeniyar sai kin yi wasu shekaru, ki karanta ta a gida. Kada ki bar wa kowa ainihin shahadarki ko lasisinki ya ajiye a ofis, kada kuma ki ba da shi a rataya a wurin da ba kya aiki. Lasisin lokaci-lokaci ake sabunta shi, da sharaɗin halartar kwas ɗin ci gaba da ilimi, don haka ki ji ko ana sakin ma'aikata su je.

Na san abin da za a ce: wannan duk maganar mai zaɓi ce, mu kuwa gurbin gwamnati sai an yi shekaru ba a buɗe ba, in an buɗe sai mai uwa a gindin murhu, da babu gara ba daɗi. Ban musa ba, kuma ban ce ki zauna a gida shekara biyu kina jiran ɗakin da ya cika sharuɗɗa ba, domin hannun da aka ajiye shi ma yana mutuwa. Amma zaɓi ya fi yadda ake zato yawa. Wadda aka ɗauka a babban asibiti tana iya zuwa wurin shugabar nas-nas ta roƙi a tura ta ɗakin wance, kuma irin wannan roƙo ba kasafai ake jinsa ba, tunda yawanci ɗakin da ba wahala ake nema. Mai digiri tana da zaɓin inda za ta nemi horon shekara, mai hidimar ƙasa tana iya neman a canza mata wuri. Wadda ba ta da komai sai ƙaramin asibiti biyu, tsakaninsu ma akwai wanda ke da tsohuwar nas mai ritaya a ciki da wanda babu. In kuma dole ta kai ki inda ba mai koyarwa, ki san a ranki na wucin gadi ne, ki nemi wata babba a wani wuri da za ki riƙa kira, ki ci gaba da neman gurbi, kuma ki riƙe kalma ɗaya da ƙarfi: "Ban taɓa yin wannan ba, sai an nuna mini." Aikin sa-kai a babban asibiti yana iya zama hanya, amma ki sa masa wa'adi, ki karɓi takardar shaida, don an ga masu shekara da shekaru a kan alkawarin baki.

Maganar kuɗi ita ma ba ta wasa ba ce. Iyaye sun sayar da abin hannunsu sun biya makaranta, ƙanne suna jira, wata ga aure a gaba. In bambancin albashi shi ne tsakanin ci da rashin ci, babu mai hankalin da zai ce ki zaɓi yunwa. Amma sau da yawa bambancin bai kai haka ba, kuma ya kamata a yi lissafinsa har ƙarshe: kuɗin mota, dare nawa, ana biya a kan lokaci ko ana bin bashi, sannan ina aikin zai kai ki bayan shekara biyar. Wadda ta ƙware a ɗakin gaggawa ko jinyar jarirai, tana da takardar ƙwarewa da manyan da za su tsaya mata, ita ake nema. Wadda ta shekara biyar tana allura da ƙarin ruwa a ɗaki biyu na bayan kemis, albashinta na farkon nan shi ne kusan na ƙarshe. Haka zancen nisa: mai gida ko iyaye suna da haƙƙin a yi shawara da su, kuma sun fi saurin yarda da wuri mai ɗan nisa in an nuna musu na shekara biyu ne, akwai masauki, akwai dalili.

Hujja mafi ƙarfi da ke adawa da abin da nake faɗa ita ce ta waɗanda suka fara a karkara su kaɗai, suka karɓi haihuwa, suka ɗinke rauni, suka yi abin da takwarorinsu na birni ba su taɓa ba, suna cewa wuya ce ta koya musu. Da yawansu gwanaye ne na gaske, kuma ƙauyukanmu suna matuƙar buƙatar nas. Sai dai muna jin labarin waɗanda suka tsira ne kawai. Waɗanda tsoro ya kora daga aikin ba sa zuwa taron nas-nas su ba da labari, marasa lafiyan da aka koya a kansu kuwa ba wanda ya ƙirga. Kaɗaici yana koyar da ƙarfin zuciya da dabara, ba ya gaya miki cewa abin da kike yi shekara guda ba daidai ba ne. Ƙauye ya fi cancantar a aiko masa da nas ɗin da ta yi shekara biyu ana gyara ta, domin can ɗin ne babu na biyun da zai kama kuskurenta.

Masu niyyar fita waje sukan ce ai ko ina ne, shekarun kawai suke so su cika. A Fabrairun 2024 hukumar jinya ta fitar da ƙa'idojin tantance takardu da suka haɗa da sharaɗin aikin shekara biyu bayan samun lasisin dindindin, abin da ya jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas. Irin waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, don haka ki duba wadda ake kai lokacin da kika tashi. Amma ko an cire sharaɗin shekaru, Ingila ba ta ba da rajista sai an ci jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki a aikace, inda mai dubawa ke tsaye yana kallon yadda kike wanke hannu, kike tabbatar da sunan marar lafiya, kike lissafin magani, kike rubuta abin da kika yi. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke zubewa a wurin da ba mai gyara. Ko za ki fita ko za ki zauna, tun makon farko ki sayi ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta kowane aikin hannu da kika yi, da kwanan wata, da sunan babbar da ta tsaya a kanki, ba tare da sunan marar lafiya ba, ki roƙe ta ta sa hannu. In wata uku suka wuce shafin sa hannun yana nan fari, ki ɗauki littafin ki je wurin shugabar ɗaki ki nemi a haɗa ki da wata, in hakan bai samu ba ki nemi canjin ɗaki.